Mai Mulki Ya Ba Da Umarni, Amma Wa Ya Aiwatar? Alhakin Talaka A Kan Ta'asar Gwamnatinsa A Lokacin Yaƙi



Gabatarwa

Ranar 11 ga Afrilu, 1945, sojojin Amurka suka isa sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi a Buchenwald da ke tsakiyar Jamus, inda mutum kimanin 56,000 suka mutu a cikinsa da rassansa cikin shekara takwas. Bayan kwana biyar sai suka tara mutanen garin Weimar wajen dubu, maza da mata, suka koro su a ƙafa zuwa sansanin don su gani da idonsu: gawarwaki a jibge, tanderun ƙona mutane, da waɗanda suka rage da rai sun zama ƙashi da fata. Tsakanin garin da sansanin bai wuce tafiyar kilomita takwas ba. Duk da haka, abin da aka fi ji daga bakin Jamusawa a wannan lokaci shi ne, ba su sani ba.

Wannan takarda za ta duba tambaya guda: idan gwamnati ta yi ta'asa a lokacin yaƙi, mene ne rabon malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da direban jirgin ƙasa, da uwargida a cikin alhakin? Na zaɓi Jamus ta zamanin Hitila domin babu ƙasar da aka tona asirinta kamarta. Takardun gwamnatin sun faɗa hannun waɗanda suka ci ta da yaƙi, an yi shari'o'i, an ji shaidu, masana tarihi sun kwashe shekara tamanin suna bincike. Matsayina shi ne: zama ɗan ƙasa kaɗai ba ya mai da mutum mai laifin kisa, kuma ba ya halatta jininsa. Amma hakan bai wanke shi ba. Alhakinsa yana daidai da abin da ya sani, da abin da zai iya yi, da abin da ya ci.

Me suka sani?

Mu fara da zaɓe, don a nan ake yawan yin kuskure. Jam'iyyar Nazi ba ta taɓa samun rinjayen ƙuri'un Jamusawa a zaɓe na gaskiya ba. A watan Yulin 1932 ta samu kashi 37 cikin ɗari. A watan Maris na 1933, bayan Hitila ya riga ya hau mulki, 'yan dabar jam'iyyarsa suna dukan abokan hamayya a titi, ta samu kusan kashi 44. Ke nan fiye da rabin masu zaɓe ba su zaɓe shi ba. Amma a ranar 23 ga wannan wata majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, da ƙuri'a 444 a kan 94. Jam'iyya ɗaya tak ta ƙi. Sauran da suka halarta suka lissafa cewa bin sa ya fi musu sauƙi.

Abin da ya biyo baya ba a ɓoye aka yi shi ba. Dokokin 1935 da suka raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa a jarida aka buga su. Daren 9 ga Nuwamba, 1938, aka cinna wa wuraren ibadarsu wuta a manyan birane da ƙananan garuruwa, aka farfasa shagunansu, aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanoni, mutane na tsaye suna kallo. Daga watan Satumbar 1941 aka tilasta wa kowane Bayahude ya ɗinka tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirjin rigarsa. Wata guda bayan haka aka fara lodinsu a jiragen ƙasa zuwa gabas, kuma sau da yawa da rana tsaka ake bi da su ta cikin gari zuwa tasha.

Sai batun kayansu, wanda a ganina shi ne ya fi kowane tona asiri. Idan aka kwashe iyali, hukuma kan yi gwanjon abin da suka bari: gado, kujeru, tukwane, keken ɗinki, har da kayan yara. A birnin Hamburg an yi irin wannan gwanjo babu ƙaƙƙautawa, har da kayan da aka kwaso daga gidajen Yahudawan Holan da Faransa, kuma dubban magidanta sun saya da araha. Wanda ya je gwanjo ya sayi gadon maƙwabcinsa ya san maƙwabcin ba zai dawo ya kwanta a kai ba. Ba sai an nuna masa ɗakin iskar guba ba. Mai sayen kayan sata ba ya tambayar ina mai kaya, domin ya san amsar, kuma ba ya son ya ji ta.

Shin labarin kisan kansa ya iso gida? Ya iso. Sojoji na dawowa hutu daga fagen Rasha suna ba da labari, wasu ma da hotuna. Ma'aikatan jirgin ƙasa na ganin taragu sun tafi cike sun dawo fanko. A tsakiyar 1942 wasu ɗaliban jami'ar Munich, waɗanda aka sani da ƙungiyar Farin Fure, suka rubuta a takardun da suke rarrabawa a ɓoye cewa an kashe Yahudawa 300,000 a Folan. Idan ɗalibai 'yan shekara ashirin da ɗoriya sun iya gano haka, to alƙali da likita da limamin coci ba su da hujjar cewa sun kasa. Ba kowa ya san sunan sansanin kisa na Treblinka ko yadda ake kisa a can ba, wannan gaskiya ne. Amma mutane da yawa sun san abin da ya ishe su su daina tambaya. Rashin sani iri biyu ne: akwai wanda aka ɓoye wa, akwai wanda ya rufe idonsa da hannunsa. Na biyun ba uzuri ba ne.

Me za su iya?

Uzuri na biyu ya fi na farko ƙarfi: mu talakawa ne, gwamnatin kama-karya ce, duk wanda ya ɗaga kai sai a sare shi. Ba na raina wannan magana. Ranar 22 ga Fabrairu, 1943, aka yi wa Sophie Scholl da wanta Hans da abokinsu Christoph Probst, 'yan ƙungiyar Farin Fure, shari'a, aka fille musu kai a ranar, saboda waɗancan takardu. Sophie tana da shekara 21. Sauraron rediyon ƙasar waje ma laifi ne tun daga 1939. Babu mai adalcin da zai ce wajibi ne kowa ya zama Sophie Scholl. Jarumtaka irin wannan abin yabo ce, ba farilla ba ce a kan kowa.

Sai dai tsakanin ba da rai da ba da haɗin kai akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan fili yawancin mutane suke zaune. Bari in daɗe kaɗan a kan misali guda, wanda masanin tarihi Christopher Browning ya bincika a littafinsa na 1992.

Bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana ta ƙunshi mutum wajen 500, mafi yawansu daga Hamburg. Ba zaratan matasan da aka raina a cikin aƙidar Nazi ba ne. Magidanta ne, matsakaicin shekarunsu 39, 'yan dako a tashar jirgin ruwa, direbobi, akawuna, masu jiran kanti. Da asubar 13 ga Yuli, 1942, aka kai su ƙauyen Józefów a Folan. Kwamandansu, Manjo Wilhelm Trapp, ya tsaya a gabansu idonsa da hawaye, ya gaya musu aikin da aka turo su: a cikin Yahudawan ƙauyen, a ware maza majiya ƙarfi, a harbe mata da yara da tsofaffi. Sannan ya yi abin da ba a saba ji ba, ya ce duk wanda ke cikin masu manyan shekaru da ya ga ba zai iya ba, ya fito gefe. Mutum kamar goma sha biyu suka fito. Ba a harbe su ba, ba a ɗaure su ba. Sauran suka shiga daji, kafin dare sun kashe mutum kimanin 1,500. Zuwa ƙarshen 1943 wannan bataliya kaɗai ta harbe aƙalla mutum 38,000, ta loda wasu 45,000 a jirgi zuwa Treblinka.

Da aka yi musu tambayoyi a shekarun 1960, da yawansu ba su ce tsoron mutuwa ya hana su fitowa ba. Abin da ya fito daga bayanansu shi ne kunyar abokan aiki, da gudun a ce musu matsorata, da jin cewa bai kamata su bar wa 'yan'uwansu ƙazamin aiki su kaɗai ba. Kuma a duk shari'o'in da aka yi bayan yaƙin, lauyoyin masu kare kansu sun nema sun rasa ko da misali guda tabbatacce na Bajamushen da aka kashe don ya ƙi harbin fararen hula. Wannan ya rusa ginin "umarni aka ba mu" tun daga tushe. An ba su umarni, amma ƙofar ƙi a buɗe take, farashinta kuwa zunɗe ne da rasa ƙarin girma.

Haka su ma 'yan sandan ciki, wato Gestapo, da ake zaton suna da ido a kowane lungu. Binciken masanin tarihi Robert Gellately a kan takardun ofishinsu na Würzburg ya nuna ma'aikatan ba su da yawa ko kaɗan. Da tsegumin jama'a suke aiki: maƙwabciya ta kai ƙarar maƙwabciya don ta ga tana hulɗa da Bayahude, ɗan haya ya kai ƙarar mai gida, abokin sana'a ya kai ƙarar wanda ya fi shi ciniki. Babu wanda ya sa musu bindiga a ka don su rubuta waɗannan wasiƙu.

A ɗaya ɓangaren kuma, sau biyu aƙalla jama'a suka yi magana a fili, gwamnatin ta ja da baya. Tun 1939 aka fara kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a asibitoci, har adadin ya kai 70,000. Iyalai suka fara ƙorafi, sai ranar 3 ga Agusta, 1941, Bishop von Galen na birnin Münster ya hau mumbari ya kira abin da sunansa, kisan kai. Aka kwafi wa'azin hannu da hannu ya bazu. Ranar 24 ga watan Hitila ya ba da umarnin a dakatar da shirin, ko da yake an ci gaba da kashe marasa lafiya a ɓoye ta hanyar yunwa da allura. Bishop ɗin ya rayu har bayan yaƙi. Na biyu, a ƙarshen Fabrairun 1943 aka tsare Yahudawa wajen 2,000 a wani gini da ke titin Rosenstrasse a Berlin, yawancinsu mazan da ke auren matan da ba Yahudawa ba. Matan suka taru a bakin ginin, kwana da kwanaki cikin sanyi, suna neman a ba su mazansu. An sake su. Masana na jayayya ko taron matan ne ya sa, ko dama hukuma ta yi niyyar sakinsu, amma babu jayayya a kan cewa ɗaruruwan mata sun yi zanga-zanga a tsakiyar babban birnin Hitila, kuma ba a buɗe musu wuta ba.

Abin da ke ci mini rai a waɗannan labarai biyu shi ne, a dukansu mutane sun tashi ne don nasu: ɗansu da ke asibiti, mijinsu da ke tsare. Bishop von Galen bai hau mumbari don Yahudawa ba. Gwamnatin na tsoron fushin jama'arta, musamman a tsakiyar yaƙi, amma jama'ar ba ta kashe wannan jari a kan wanda take gani bare ba.

Iyakar hukunci

To, tunda haka ne, sai mu ce duk Bajamushe mai laifi ne? A'a, kuma a nan nake roƙon masu sauraro su yi hattara, domin wannan hanya ramin da ke cikinta ya fi zurfi.

Hukunta gari guda saboda laifin mutum ɗaya ai ita ce aƙidar 'yan Nazi kansu. Ranar 10 ga Yuni, 1942, suka harbe mazan ƙauyen Lidice 173, suka rushe ƙauyen, don ramuwar kisan wani babban jami'insu a birnin Prag. Da wannan tunani ne kuma wasu suka kare ruwan bama-baman da aka yi wa Hamburg a 1943 da Dresden a Fabrairun 1945, inda a Dresden kaɗai mutum wajen 25,000 suka mutu. Bam ba ya tambayar wa ka zaɓa a 1933. Jaririn da ya ƙone a ɗakin ƙarƙashin ƙasa bai sayi kaya a gwanjo ba. A zamaninmu ma, wasiƙar da aka danganta wa Usama bin Laden a 2002 da wannan hujja ta halatta jinin Amurkawa: wai suna zaɓe, suna biyan haraji. Mu da muka ga an tayar da bam a kasuwa da tasha da masallaci da coci, a kan wai mutanen ciki suna bin gwamnati, mun san inda wannan hujja ke kai mutane. Addini ya riga ya yanke magana: kowa zunubinsa zai ɗauka, ba a kama wani da laifin wani, kuma ko a fagen fama an hana taɓa mata da yara da tsofaffi.

Akwai wata illar kuma da masaniyar siyasa Hannah Arendt ta lura da ita tun 1945: idan aka ce kowa mai laifi ne, to babu wanda za a gurfanar. Mai kisa na gaskiya ba abin da yake so kamar a ce al'umma ce gaba ɗaya ta yi, don ya ɓace a cikin taro.

Wanda ya fi kowa warware wannan ƙulli shi ne masanin falsafa Karl Jaspers, wanda aka kora daga aikin koyarwa a 1937 saboda matarsa Bayahudiya ce. A laccocinsa na jami'ar Heidelberg, da aka buga a 1946, ya ce a rarrabe. Laifin da kotu ke hukuntawa na wanda ya aikata ne shi kaɗai, kamar shugabannin Nazi da aka gurfanar a Nuremberg. Laifin da ke tsakanin mutum da zuciyarsa, na kau da kai da cin moriya da yin shiru, shi ma na mutum ɗaya ne, kuma ba alƙali ke yanke shi ba. Amma akwai nauyin siyasa, wanda ke kan duk ɗan ƙasa, wanda ya zaɓa da wanda bai zaɓa ba, domin da sunansa aka yi, da harajinsa aka sayi harsashi. Wannan nauyi ba ya kai mutum kurkuku, amma yana ɗora masa biyan bashi. Ya ƙara da na huɗu, wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, na wanda ya rayu alhali an kashe wasu a gabansa.

Bashin da ake gada

Jamusawa ba su karɓi wannan da sauri ba. A 1952 shugaban gwamnati Konrad Adenauer ya sa hannu a yarjejeniyar biyan Isra'ila diyyar mak biliyan uku, alhali yawancin jama'arsa ba sa so. Tsofaffin alƙalan Nazi da yawa sun koma kujerunsu. Sai a 1963 aka fara shari'ar ma'aikatan sansanin kisa na Auschwitz a Frankfurt, da naci irin na mai gabatar da ƙara Fritz Bauer. Ranar 7 ga Disamba, 1970, shugaban gwamnati Willy Brandt ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan Warsaw. Brandt ya tsere daga Jamus tun 1933, ya yi adawa da Hitila daga gudun hijira, hannunsa babu jini. Amma shi ne ya durƙusa, domin ƙasar tasa ce. A ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a lokacin, kashi 48 cikin ɗari suka ce ya yi zaƙewa, kashi 41 suka ce ya yi daidai. Matashin Jamus na yau bai kashe kowa ba, kuma zalunci ne a kira shi mai kisa. Amma ya gaji ƙasar da hanyoyinta da masana'antunta, don haka ya gaji bashinta. Magaji ba ya ɗaukar gona ya ce bashin mamaci ba ruwansa.

Mu kuma fa?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ba ina kwatanta wata gwamnatin Najeriya da ta Hitila ba ne, domin ba su yi kusa ba a niyya ko a girman ɓarna. Amma tambayar ɗaya ce, kuma mu namu uzurin ya fi na Jamusawa rauni, tunda muna da jarida da rediyo da kotu da ƙuri'a.

Ranar 7 ga Oktoba, 1967, a lokacin yaƙin basasa, sojojin runduna ta biyu ta gwamnatin tarayya suka tara maza da samarin garin Asaba, waɗanda suka fito da fararen kaya don nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Nawa ne cikin ɗalibanmu na Arewa suka taɓa jin wannan a aji? Kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam, da aka kafa a 1999, ya saurari irin waɗannan koke-koke, ya miƙa rahoto a 2002, har yau gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. A 2015 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji a Arewa maso Gabas tun 2011, kuma an kashe sama da 640 a Maiduguri ranar 14 ga Maris, 2014, bayan harin da aka kai barikin Giwa. Rundunar soja ta musanta. Da yawanmu muka ce ai 'yan Boko Haram ne, ba mu tambayi wace kotu ta tabbatar ba. Da jirgi marar matuƙi na soja ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba, 2023, mutum aƙalla 85 suka rasu, mun yi kuka, kuma ya dace mu yi. Amma irin wannan kukan ne mutanen Asaba ke bin mu bashinsa, kamar yadda mutanen Tudun Biri ke bin na Kudu. Wanda ba ya jin zafi sai an taɓa nasa, ta'asa ba ta dame shi ba, asara ce ta dame shi.

Sojojinmu 'ya'yanmu ne, suna mutuwa don mu kwana lafiya, kuma neman a binciki wanda ya ƙetare iyaka a cikinsu ba cin amanarsu ba ne. An koyar da mu cewa mummunan aiki ana gyara shi da hannu, in ba hali da baki, in ba hali da zuciya, kuma na zuciyar shi ne mafi rauni. Wanda ke da bakin magana ba shi da izinin fakewa a matakin ƙarshe.

Saboda haka ina kira ga malaman tarihi da ke wannan ɗaki su shigar da Asaba da Giwa cikin abin da suke koyarwa, da sunayen wurare da ranaku. Ina kira ga malaman addini su yi huɗuba a kan jinin wanda ba na ƙabilarsu ko addininsu ba, kamar yadda suke yi a kan namu. 'Yan jarida da lauyoyi kuma su ci gaba da tambayar gwamnati ina rahoton Oputa, ina sakamakon binciken Tudun Biri, wa aka hukunta, wa aka biya diyya. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku yi masa waɗannan tambayoyi kafin ku ba shi.